Tsohon Yayi Ko Sabon Yayi? Tambayoyin Da Masu Son Sayen Pawa Baik Suka Fi Yi A Kaduna

Duk wanda ya tara kuɗi yana son ya hau babban mashin sai ya tsaya a wannan mararraba: ya ɗauki tsohon yayi mai ƙaton inji, ko ya ɗauki sabon yayi ko da injin bai kai ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, daga ɗan Malali har ɗan Kakuri, shi yasa na haɗa su waje guda. Ban sa farashi ba don kuɗin waɗannan mashina da dala yake tafiya, abin da na rubuta yau jibi ya zama tsohon labari.

Oga ni dai a gajarce, wanne zan saya?

Wanda ya fi lafiya, kuma wanda akwai mai gyara maka shi a garin nan. Shekara tana zuwa ne ta uku. In ka matsa min sai na zaɓa, toh ga nawa: in baka taɓa riƙe babban mashin ba ka ɗauki ƙarami sabon yayi mai ABS (abin da ke hana taya ƙullewa in an damƙe birki), in kuma hannunka ya faɗa kana da kuɗin kula da shi ka nemi ɗan tsakiya, wajen 2007 zuwa 2014, mai injekta (mai fesa wa inji mai da lantarki maimakon kafireto) amma wanda kayan lantarki basu yi masa yawa ba. Sauran bayanin duk dalilan wannan maganar ne.

Ba wanda shekararsa ta fi kusa shine ya fi ba?

A'a fa. Kamfanonin nan ba duk shekara suke canza mashin ba, sai su yi shekaru suna fitar da abu ɗaya suna canza fenti da sitika kawai. Ɗauki Yamaha R6 misali. Daga 1999 zuwa 2002 mai kafireto ne. 2003 ya koma injekta. 2006 aka sake shi gaba ɗaya aka sa masa totur na lantarki. 2008 aka ƙara gyara shi, daga nan har 2016 kusan mashin ɗaya ne. Sai 2017 aka canza masa fuska aka sa ABS da tirakshan kwantirol (mai hana tayar baya sulɓi). Kaga kenan in dillali ya ce maka ka ƙara kuɗi mai yawa don wannan 2014 ne wancan 2010, abu ɗaya yake sayar maka, ka duba wanda aka fi kula da shi kawai. Amma tsakanin 2016 da 2017, shekara ɗaya tal, bambancin babba ne.

Haka Suzuki Hayabusa: na farko 1999, na biyu 2008 inda injin ya tashi daga cc 1299 zuwa 1340, na uku 2021. Haka Honda CBR600RR, na 2007 zuwa 2012 zubi ɗaya ne. Kafin ka fara ciniki ka san shekarun da aka canza zubin mashin ɗin da kake so, wannan kaɗai zai rage maka asara.

Wani abu kuma da ke rikita mutane, Yamaha sun ci gaba da sayar da tsohon zubin 2003 a Amurka har zuwa 2009 da sunan R6S. Sai kaji an ce maka R6 ne 2008, takarda ma ta nuna 2008, amma tsohon zubi ne. Mashin ne mai kyau, ya ma fi daɗin zama, amma kar ka biya kuɗin wancan.

Malam wannan ne na farko na. Kuɗina zai sayi tsoho mai cc 600 ko sabo mai cc 300 zuwa 400. Abokaina sun ce in na sayi ƙarami wata biyu zan gaji dashi

Abokan nan naka ba su zasu kwanta a gadon asibiti ba. Boxer ko Jincheng ɗin da ka saba hawa ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Yamaha R3 yana da wajen doki 42, Kawasaki Ninja 400 wajen 45, shi kuwa R6 yana kusan 120. Ba yawan ƙarfin ne kaɗai matsalar ba, yadda yake zuwa ne. Injin 600 mai silinda huɗu a ƙasa-ƙasa lafiya lau yake kamar bashi da komai, sai allurar juyin inji ta wuce dubu tara ko goma sannan ya farka lokaci ɗaya, kuma sabon mahayi daidai nan yake firgita ya damƙe birkin gaba, tsohon 600 ɗin kuma babu ABS, shikenan.

Sannan ga zama. R6 kujerarsa milimita 850 ne daga ƙasa, kan mashin ɗin kuma yana ƙasa sosai sai ka kwanta a kan tanki, shi kuwa R3 780 ne, Ninja 400 785, ƙafarka tana taka ƙasa da kyau in ka tsaya a danja. Juya R6 a ƙaramin layi a Tudun Wada aiki ne, kan mashin ɗin baya karyewa sosai.

Maganar gajiya kuma, Ninja 400 yana wuce duk gudun da hankali zai ɗauka a hanyar Zariya. Wanda ya ce ya gaji dashi a wata biyu yawanci miƙaƙƙen titi kawai ya iya, ka ce ya shiga kwana da kyau ka gani. In ka shekara a kai ka ga kana son ƙari ka sayar, ƙananan nan basa daɗewa a kasuwa.

Tsakanin Ninja 250, 300 da 400 fa?

250 na 2008 zuwa 2012 waɗanda aka kawo daga Amurka masu kafireto ne. 300 ya fito 2013 da injekta, wasu da ABS wasu babu. 400 ya zo 2018, ya fi 300 ƙarfi kuma ya fi shi rashin nauyi. Nan kam sabon ya fi tsohon ta ko'ina, in aljihu ya kai ka ɗauki 400, in bai kai ba 300 mai ABS.

An ce mai kafireto ya fi dacewa da Najeriya saboda kowane bakanike zai iya gyarawa

Wannan maganar rabin gaskiya ce. Bakaniken unguwa ya iya kafireto ɗaya na mashin ɗin haya. Pawa baik mai silinda huɗu kafireto huɗu ne jere, kuma dole a daidaita su su dinga jan iska daidai da juna, akwai ma'aunin da ake yin wannan dashi, ba da kunne ake yi ba. In aka kwance aka maida da ka, sai mashin ya dinga mutuwa a silo, yana shan mai kamar me, filogi na yin baƙi. Ga robobin ciki da suka shekara ashirin da wani abu sun bushe sun tsage. In ka ajiye shi wata ɗaya baka tayar ba mai ya bushe a ciki ya toshe ƙananan hujojin, sai an sake kwancewa.

Injekta kuwa abin da yake nema biyu ne, mai mai tsafta da batir mai ƙarfi. In ka bashi waɗannan zaka manta dashi. Abin da ke bada matsala yawanci famfon mai ne da ke cikin tanki da ƴar filtarsa, kuma datti da tsatsar tanki ne ke kashe su. Ni dai bazan ba kowa shawarar sayen mai kafireto huɗu ba sai dai in mutum sha'awar tsofaffin mashina yake kuma yana jin daɗin ɓata hannunsa da kansa.

Fetur ɗinmu bazai kashe sabon yayi ba?

Abin da ya kamata ka duba ba shekara bane, matsin injin ne, wato yadda yake matse mai da iska kafin su kama wuta. R6 daga 2008 matsinsa 13.1 ne, kamfani ma cewa suka yi a sa masa fetur mai babban okten, mu kuma a gidajen mai iri ɗaya ake sayarwa, ba a tambayarka wanne kake so. Ƙananan irin su R3 da Ninja 400 an yi su ne don fetur na yau da kullum, sun fi haƙuri. Masu manyan suna hawa a haka kuma suna tafiya, amma ka kiyaye abu biyu: kar ka dinga murɗa totur da ƙarfi kana babbar giya injin yana ƙasa-ƙasa cikin zafin rana, in kaji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani ka sauke giya. Na biyu, man ƴan bumburutu na galan kar ya shiga tankinka ko da zaka tura mashin ɗin ne. Ka tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai methanol da yawa ƙasar nan, motoci nawa suka tsaya. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda dasu ka tsaya a nan.

Shan mai kuma tunda aka cire tallafi a 2023 ya zama abin lissafi. Ɗan 300 zuwa 400 zai baka wajen kilomita 25 a lita, 600 wajen 15 zuwa 17 in kana tafiya da hankali, mai 1000 ƙasa da haka. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, kayi lissafin zuwa da dawowa da kanka.

ABS ɗin nan dole ne? Wasu ma cire shi suke

In akwai abu ɗaya da zai sa in ce ka biya ƙarin kuɗi don sabon yayi, shine wannan. Aikinsa kawai ya hana taya ta ƙulle in ka damƙe birki da ƙarfi, yana sakewa yana kamawa da sauri fiye da yadda hannun mutum zai iya. Tayar gaba in ta ƙulle a mashin ba a cika tsira ba, kafin ka san me ke faruwa kana ƙasa. Yanzu ka tuna titunanmu: yashin da ruwa ke tarawa a bakin kwalta da damina, dizal da manyan motoci ke zubarwa a bayafas ɗin Nnamdi Azikiwe, mai Keke da zai juya ba sigina a Ahmadu Bello Way, akuya, yaro ya tsallako da gudu a Kawo. Ba gwaninta ake gwadawa a irin wannan lokacin ba, firgita ce, kuma kowa yana firgita. A Turai tun 2016 zuwa 2017 doka ta sa dole duk sabon mashin da ya wuce cc 125 ya zo da ABS.

Masu cirewa yawanci ba don sun fi kamfani sani bane, wuta ce ta kama a mita suka rasa mai gyarawa. Kuma sau da yawa abin ƙarami ne, sensar taya ce tayi datti, ko wayarta ta tsinke, ko zoben da take karantawa ya lanƙwashe lokacin canza taya. In zaka saya ka kunna makulli, wutar ABS ta kama, ka fara tafiya kaɗan ta ɗauke. In bata kama ba sam tun farko, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. Kuma kar ka yarda da sitika, ka duba faifan birki ka ga zoben mai hujoji da ƴar wayar sensa. Honda sun fara sa ABS a CBR600RR daga 2009 amma na zaɓi ne, Kawasaki ZX-6R daga 2013 shima haka, ba duka ke dashi ba.

Sauran kayan lantarkin fa, tirakshan kwantirol da su mood-mood na zaɓar yanayin tuƙi?

Tirakshan yana rage wuta in tayar baya ta fara sulɓi. A mai 1000 yana da amfani sosai, Yamaha R1 na 2015 doki 200 ne, ba hannun kowa ke iya riƙe wannan ba. A ɗan 400 ba lallai bane. Abin sa giya ba kuloci daɗi ne kawai, babu wanda ya fasa tafiya don babu shi. Matsalar ita ce duk abin da aka ƙara sensa ce da waya da soket, in ɗaya ya samu matsala sai mashin ya rage ƙarfi da kansa, kuma sai an jona na'urar sikanin da ta dace da wannan kamfanin kafin a san me ya faru. Mai rewaya da ya saba yanke waya ya haɗa kai tsaye in ya taɓa irin wannan mashin zai iya ƙona maka biren bos, wanda kuɗinsa zai sa ka zauna.

Ya zan gane shekarar gaskiya? Kowa cewa yake nashi sabon yayi ne

Lambar shasi. Tana buge a wuyan firem ƙasan kan mashin, ka juya kan zaka ganta, harufa da lambobi 17. A waɗanda aka shigo dasu daga Amurka na goma shine shekara: 8 shine 2008, 9 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai J 2018, K 2019, L 2020, ana tsallake I. Ka shafa wajen da yatsa, in kaga alamar goga ko walda ko sabon fenti a daidai nan kawai, ka saka takalminka ka tafi. Kar robobin jiki su ruɗe ka, ana sayen saiti ɗan Chana a ɗaura wa tsohon mashin ya fito fes.

In na ɗauki tsoho me zai fara ci min kuɗi?

Cajin wuta shine na ɗaya. Koyil da rektifaya suna gajiya da zafi, kuma tsofaffin Honda da Suzuki an san su da wannan. Ka je da mita ta awon wuta, batir a kashe ya nuna wajen volt 12.6, in an tayar an ɗan ja totur ya nuna tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In bai tashi ba ko ya wuce 15 akwai magana. Ka ciro soket ɗin rektifaya ka duba ko ya narke.

Sai oyil sil na shokazoban gaba, in kaga mai a jikin ƙarfen yana yoyo. Boris ɗin wuya da na taya. Sarƙa da haƙoranta, su ukun tare ake canzawa. Tiyon lagireto. Abin da ke ɗaure sarƙar cikin inji, in ya saki zaka ji ƙara-ƙara da safe. Ga gyaran bawul wanda kusan babu mai yi: Yamaha sun ce a duba na R6 duk kilomita 42,000, Honda CBR600RR duk 24,000. Ka tambayi mai mashin yaushe aka yi, yadda zai kalle ka zai baka amsa.

In GSX-R ne, a 2013 Suzuki sun yi kiranye, wato sun ce a dawo dasu a gyara, kan famfon birkin gaba na 600 da 750 daga 2004 zuwa 2013, da 1000 daga 2005 zuwa 2013. Mashin ɗin da ya baro ƙasar waje kafin a gyara masa yana nan da tsohon, don haka in birkin gaba yana laushi yana shigewa ciki kar ka ɗauka wasa ne.

Taya kuma ka karanta shekararta, akwai lambobi huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2318 yana nufin sati na 23 a 2018. Taya mai zane raɗau amma ta shekara bakwai ta bushe, bata kama kwalta. Saiti ɗaya na 120/70 gaba da 180/55 baya mai kyau kuɗi ne na gaske. Shi yasa nake cewa duk wanda zai sayi tsoho kar ya ƙarar da kuɗinsa a ciniki, ya ware wani kaso mai kauri na watan farko.

Na ga 2019 ana sayarwa kusan kuɗin 2012, in yi wuf dashi?

Tsaya tukuna ɗan'uwa. Araha bata ado. Da yawa daga sabbin yayin da ke shigowa da arha daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke, irin su Copart da IAA, wato mashinan da suka yi hatsari ko ruwa ya ci su inshora ta biya mai shi ta sallama. Ba duka ne marasa kyau ba, wani robobi ne kawai suka fashe, can kuɗin robobi da aikin hannu ya fi ƙarfin gyara. Amma wani firem ne ya karkace, wani ambaliya ce ta shanye shi, kuma mashin mai lantarki da ruwa ya shiga wayoyinsa bazaka gama gyara ba, yau wannan gobe wancan.

Ka rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan gwanjon suna fitowa ka ga yadda yake kafin a shafa masa hoda. A jikin mashin kuma ka duba ƙarfen da ke tare kai in an juya shi ƙarshe, in ya karye ko an yi masa walda an sha bugu ta gaba. Ka tsaya ta baya ka hango ko tayoyin biyu suna layi ɗaya. Ka ɗaga kujera ka duba soket-soket, in kaga kore-kore ko busasshen laka a lungu, ruwa ne. Lafiyayyen 2012 ya fi wannan sau goma.

Mitar ta nuna bai yi tafiya da yawa ba

Mita ana canza ta, musamman in an yi hatsari ta gaba ita ke fara fashewa. Sannan na Amurka mil yake ƙirgawa, mil 20,000 kilomita 32,000 ne. Ka duba matakin ƙafa, robar hannu, faifan birki ko ya yi kwari. Kuma mashin da aka ajiye shekara huɗu ba a hawa shima yana da nashi ciwon, tsatsa a tanki da busassun robobi.

Kayan gyara da bakanike a Kaduna fa?

Nan ne tsohon da ya yi yawa a gari yake cin riba. R6, R1, CBR, GSX-R, Hayabusa na shekarun tsakiya an shigo dasu da yawa ƙasar nan, don haka akwai waɗanda aka yanka ana sayar da kayansu, in babu a Kaduna za a turo daga Abuja ko Legas cikin kwana biyu uku. Sabon yayi sosai, ko ƴan Turai irin su Ducati da BMW S1000RR, ƙaramin abu zai lalace ka yi oda daga waje da dala ka zauna jiran makonni, mashin yana fake yana shan ƙura. Panteka zasu ƙera maka biraket, su gyara salansa, su yi walda mai kyau, amma sensa ko faifan birki ba abin ƙerawa bane, kuma firem ɗin alminiyam da ya tsage ni bazan hau ba ko wa ya yi waldar.

Shawarata ka nemo bakanike kafin ka nemo mashin. Ka tambayi masu hawa wa ke taɓa musu nasu, ka je garejinsa ka ga wane iri ne suka fi yawa a wajen, ka tambaye shi yana da na'urar sikanin wane kamfani. Abin da ya iya shi zaka saya. Kuma wajen juye ka tsaya a kai, baƙin man mota baya yi, kulocin mashin a cikin mai yake, ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, in ba haka ba kuloci zai fara sulɓi.

Makulli ɗaya aka bani, akwai matsala?

Zai iya zama babba. Yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Turai makullinsu yana da ƙwaƙwalwa a ciki, Honda suna rubuta HISS a wajen makullin, Yamaha kuma akwai jan makulli wanda dashi ake yi wa sabbi rajista. In ɗayan da kake dashi ya ɓata mai yankan makulli na kasuwa bazai iya komai ba. Ka tambaya tun kafin ka biya, in babu na biyu a rage maka kuɗi ka je a yi maka ƙari tun wannan yana hannu.

Wanne ya fi jure zafi da gosulo?

Babu wanda ke son gosulo a cikinsu, an yi su ne iska ta dinga dukan lagireto. A watan Maris da Afrilu in ka maƙale wajen Kasuwar Bacci ko Siteshan zaka ga zafin inji ya haura digiri 100, fanka ta kama wajen 105, wannan daidai ne in dai tana kamawa kuma zafin yana sauka. Masu salansa a ƙarƙashin kujera irin CBR600RR da R1 na 2004 zuwa 2014 suna gasa mutum, wanda ka goya ma ya fi ka ji. Tsoho sai ka wanke lagireto ka zuba ruwansa na asali, ba ruwan rijiya ba. Da hunturu kuma filtar iska tana cika da wuri, kar ka jira lokacin da littafi ya faɗa. In yawanci cikin gari zaka dinga yawo, mai silinda biyu ya fi sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba.

R6 tsoho ko R7 sabo?

Sunan ne ke ruɗin mutane suna zaton 7 ya fi 6. Yamaha sun daina yin R6 na titi bayan 2020, R7 ya fito 2021 da injin wani mashin nasu MT-07, silinda biyu cc 689, doki wajen 73. R6 ya fi shi gudu sosai kuma wannan kukan na silinda huɗu babu shi a R7. Amma R7 ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa, baya shan mai sosai, yana da ABS, daga shataletale zuwa shataletale zaka fi jin daɗinsa. In kukan kake so ka faɗa wa kanka gaskiya ka sayi R6, ba laifi bane, yawancinmu kukan ne ya jawo mu.

Takardu fa?

Takardar kwastam ta asali wadda lambar shasi ta dace da ta jikin mashin, rasit, yarjejeniyar ciniki da shaidu da hoton katin shaidar mai sayarwa. Tsohon da ya wuce hannu biyar shi ya fi zuwa da ɓatattun takardu. Ka yi lamba, inshora, lasisin tuƙin babur ajin A, ka sa hular kwano ta gaske, ba don ƴan KASTLEA ko Road Safety kaɗai ba. Dokar babur a jihar nan tana canzawa da yanayin tsaro, a 2021 an taɓa hana hawa gaba ɗaya na wani lokaci, don haka ka dinga bibiya.

Wanne zai fi saurin sayuwa in na tashi canzawa?

Tsohon da aka sani farashinsa ya riga ya gama faɗuwa, in ka kula dashi kusan kuɗinka zaka mayar. Ƙananan sabbin yayi suma suna tafiya da wuri don kullum akwai sabon shiga. Wanda ke daɗewa shine babban sabon yayi mai tsada, masu kuɗinsa kaɗan ne, da kuma wanda aka yi wa kwaskwarima da yawa, an yanke salansa an canza wayoyi an sa fitilu kala-kala.

Gobe zan je dubawa, me zan yi?

Ka ce kar a tayar dashi kafin ka zo, in ka isa ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi, don mashin mai matsala da zafi yake ɓoye ta. Ka je da rana, ka je da bakanikenka ba na mai sayarwa ba, ka biya shi kuɗin ƙafarsa. A tayar a gabanka, ka kalli hayaƙi, shuɗi yana nufin yana cin baƙin mai. Ka bari ya yi zafi har fanka ta kama. Ka leƙa tanki da tocila. In an yarda a hau, a gwada giya ta biyu da ɗan ƙarfi, in tana fita da kanta aikin buɗe inji ne, ka sauke farashi sosai ko ka haƙura. In mai shi ya ce sauri yake akwai wani Alhaji da ke hanya da kuɗi, ka ce Allah ya sanya alheri, ka bar wa Alhajin.